Allura Huɗun da Suka Rage

…hamsin da takwas, hamsin da tara, sittin — kuma jan hannun agogon bai gama zagayowa ba. Sittin da ɗaya. Na sake ruɗewa. Sista Clara ce ta koya mini da safe: ki sa ido a kan cikinsa, ki ƙirga har siririn hannun nan ya dawo inda ya tashi. Ban tambaye ta nawa ne mai kyau ba. Na dai ga yadda ta rubuta lambar a takarda, ta ja layi biyu a ƙarƙashinta.

Rufus. Rufus ɗina. Shekara biyu da wata uku, amma yau nauyinsa a cinyata bai kai na ƙwaryar acca ba. Duk jan numfashi sai fatar ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta lotsa ciki, kamar wani na tsotsarta ta baya. Hancinsa ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. Sai wannan ɗan nishin a ƙarshe… ih… ih… Ba kuka ba ne. Da ma kuka ne.

Ruwa yana ta dukan kwanon asibitin nan tun hantsi. Kafanchan duk ta zama laka.

Silvanus, kana ina?

Ka ga, a cikin kaina kawai nake kiran ka haka. A baki Baban Rufus ne kai, ko a gaban Mama, ko mu biyu. Sunanka na ajiye shi wuri ɗaya da wasiƙunka, cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin zannuwan zuwa coci. Kana can wani wuri tsakanin Fatakwal da nan, tsaye gaban wuta, kana zuba wa jirgi kwal da shebur, fuskarka baƙi ƙirin sai haƙora. Jiya ya kamata jirginku ya iso. An ce ruwa ya cinye ƙasar ƙarƙashin dogo a wajen Lafiya. An ce ana gyara. An ce, an ce…

Takardar da ake so a sa wa hannu tana nan kan ɗan akwatin gefen gado. Biro a kanta, shuɗi, an tauna murfinsa. Ba na kallon ta. Ina kallon ta.

Ƙarfe biyu saura kwata. Likita ya ce ƙarfe uku.

Yaro ne likitan, bai girme ka ba, da tabarau da takalmi mai jiƙe. Bai iya Hausa sosai ba, Sista ce ke juya mini. Ya ɗora yatsa a bayan Rufus, ya ƙwanƙwasa da ɗayan. Hagu — kum, kum, kamar tulun da ba kowa a ciki. Dama — dib. Dib. Ban jira Sista ba. Wace mace ce ba ta san ƙarar tulu cike da ruwa ba? Kullum da asuba haka nake buga randar Mama in ji ko sai na je rafi. Na ji da kunnena, Silvanus. Ɗanka ya cika ta gefe ɗaya.

Sai ya soka allura tsakanin haƙarƙari, ya ja. Na zaci jini zai fito. Abin da ya hau cikin sirinjin rawaya ne, mai kauri, kamar kunun da ya kwana. Mugunya. A ƙirjin yaron da nake wa wanka kullum da hannuna, ina shafa masa man kaɗanya har bayan kunne. Ta ina ta shiga?

Limoniya ce, in ji Sista, ta daɗe, ta tara mugunya ta danne huhu ɗaya. Allura kaɗai ba za ta kai wurin ba yanzu. Sai an huda gefensa, an sa roba, ta tsiyaye cikin kwalba. Yau, ba gobe ba. Likitan da kansa ya faɗi wannan da Hausarsa, yana ɗaga yatsa: "Yau. Ba gobe." Amma sai an sa hannu a takarda tukuna.

Yaya Zamani ya ce a'a.

Yayanka ne, Silvanus, ka san shi, ba ya ɗaga murya. Ya tsaya a ƙarshen gadon, hularsa a hannu, ruwa na ɗiga daga bakin wandonsa. "Sista, yaron nan ba nawa ba, ba na wannan mace ba. Ubansa yana hanya. Ba za a sa masa wuƙa ba sai ubansa ya gani da ido." Sista ta ce uwar ma tana iya yin sayin. Ya yi ɗan murmushi, ba na mugunta ba, irin wanda ake yi wa yara. "Afiniki? Bai je makaranta ba. Kuma a gidanmu mace ba ya yanke wannan magana." Da zai fita ya sunkuyo kusa da kunnena, ya faɗa da yarenmu: kada in dawo in ga tawada a yatsanki.

Ya tafi tasha, wai zai roƙi mai waya ya buga maka saƙo ta kan dogo, ya tsaya ya jira jirgin.

Ba zan ce mugu ne ba. Shi ya goya Rufus daga gida har bakin titi, cikin ruwa, ya lulluɓe shi da rigarsa ta soja. Shi ya tsare motar 'yan kasuwa da jikinsa. A cikin motar ne ya faɗa mini, bai kalle ni ba, yana kallon tayoyin da ke bayanmu: a yaƙi ya ga mutum bakwai da roba a ƙirji, kwance a jere a wata makaranta. Ya ɗauki shida da hannunsa zuwa rami. Shi ya sani. Ni me na sani?

…ih… ih…

Juya, Baba na. A'a, ba ya so. Ko na juya shi hagu sai ya yi ta mutsu-mutsu har ya koma kan damansa, ya naɗe ƙafa, hannu ɗaya ƙarƙashin kumatu.

Wayyo, wannan kwanciyar.

Kwana goma ina kallon ta ina jin daɗi. Ka ji? Ina jin daɗi! Don haka kake kwanciya — kan dama, gwiwa a naɗe, hannu ƙarƙashin kumatu, kamar mai sauraron wani abu a cikin ƙasa. Ranar da na fara ganin ya yi haka na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, na ce ga Silvanus ƙarami. Har na shirya yadda zan rubuta maka: ɗanka ya fara kwanciya irin taka, in na kalle shi sai in ga kamar ka dawo. Na maimaita jimlar a raina ina tsinke ciyawa a gonar citta, ina gyara ta, ina canja kalma. Yau likita ya tambaya ta bakin Sista, tun yaushe yake kwanciya a gefe ɗaya? Na ce ya kwana biyu. Ya gyaɗa kai. Wai haka suke yi. Suna danne gefen da ya cika don ɗayan ya samu ya sha iska.

Yana neman iska, ni ina rubuta wasiƙar soyayya a kaina.

Sittin da huɗu. Sittin da biyar.

Akwai wani abu a ƙullin zanena. Tun daga gida yake nan, yana soka mini ciki duk na sunkuya. Kati ne, ruwan hoda, ya yi laushi don zufa. Ba wanda ya san na taho da shi.

Sati uku ke nan. Tari ya fara, sai zazzaɓi, jiki kamar dutsen da ya wuni a rana. Na goya shi zuwa disfensare, mil huɗu, a haye rafi. Malamin asibitin ya saurari ƙirjinsa, ya ce limoniya ce amma mun zo da wuri. Ya ja gida bakwai a kan katin da rula, ya ce allura bakwai, kullum ɗaya, ko ya warke ko bai warke ba. Ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe, da Hausa, don duk wanda ya iya ya karanta wa uwar: KADA A FASA KO DAYA. Bai san uwar ta iya ba. Na karanta tun kafin ya ɗaga biron.

Litinin, alama. Talata, alama. Laraba, alama.

Ranar Alhamis ya tashi zaune. Ya ce fate. Ya sha faten acca rabin ƙoƙo, ya bi 'yan tsaki har bakin rumbu yana dariya. Mama ta ɗaga hannu sama ta ce mun gode wa Yesu. Daren Laraba an kwana ana ruwa, rafi ya kawo har gindin ɗinya. Na ɗauko majanyi zan goya shi, ta ce ina za ki? Na ce allura, Mama. Ta ce allurar me, ga yaro yana wasa? Ki dubi ɗuwawunsa, duk ya kumbura. Kina so ya zama kamar Emilia?

Emilia 'yar Lai'atu, ta bayan gidanmu. Ka san ta. Da ƙafarta biyu ta tafi disfensare shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, da zazzaɓi kawai. Yanzu ƙafar hagun kamar igiya, tana jan ta a ƙasa da sanda. Duk ƙauyen an san allura ce. Ko ba allura ba ce? Ban sani ba. Na dai san duk uwar da ta ga Emilia ta wuce sai ta ƙara matse goyonta.

Mama ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta karɓi majanyin daga hannuna, ta ninke, ta ce ki huta, 'yata, ƙafarki duk ta tsage. Ta ce ta haifi tara ta binne huɗu, ta san yaron da ya juya baya ga ciwo.

Ni kuwa katin yana hannuna. Baƙaƙen suna kallo na. Da na buɗe baki na ce, Mama, ga abin da aka rubuta… Da ta ce wa ya karanta miki? Da na ce ni. Da ta kalle ni, wannan kallon… amarya 'yar shekara uku a gida, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, tana karanta wa uwar mijinta takarda. Tana ɓoye ilimi a ɗaki kamar mai ɓoye nama.

Kunya na ji. Shi ke nan. Ba rafi ba ne, Silvanus, na sha haye shi da ruwa har ƙirji. Ba Emilia ba ce. Kunya ce. Na ce gobe in ruwa ya janye. Gobe ta zo, ana gayyar ciyawa a gonar cittar Yaya Zamani, mutum ashirin, wa zai dafa musu? Jibi Lahadi. Daga nan kuma sai na ji kunyar malamin asibitin, me zan ce masa?

Gida huɗu, fari fat.

Kuka — jirgi ne! Tsaya. Tsaya, zuciya. Daga wane gefe? Nan garin dogo uku ne suka haɗu, kowane kuka sai ka rasa na wa ne. Dogo ɗaya… gajere biyu… A'a. Wannan na Jos ne, ina jin yadda yake jan nauyi a hankali, na kaya ne. Kai ka koya mini bambancewa, ranar da ka kawo ni ganin tasha, muna sabon aure, ka saya mini rake, ka ce in rufe ido in faɗi wane ne ke shigowa. Na faɗi daidai sau biyu. Ka ce kai, wannan matar, da an sa ki makaranta da kin tuƙa jirgin.

Ban gaya maka ba a ranar cewa na riga na fara koyon karatu. Wasiƙarka ta farko, na kai wa ɗan fasto ya karanta mini, ya karanta da ƙarfi a gaban ƙannensa, har wurin da ka ce kana tuna ƙamshin hayaƙin da ke gashina. Suka yi ta dariya. Na rantse ba za a ƙara ba. Na ɗauki littafin waƙoƙin coci, waƙoƙin da na haddace tun ina yarinya, na bi da yatsa, kalma a baki, kalma a takarda, har suka fara haɗuwa. Wata bakwai. Abin da na fara rubutawa da gawayi a bayan murfin tukunya sunanka ne, na kwaikwayo daga ƙarshen wasiƙar, har da wannan lanƙwasar da kake yi wa S kamar wuyan agwagwa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Da ka gane, ka riƙe hannuna ka ce mu bar shi tsakaninmu, kada a ce ka auro mai girman kai. Na ji daɗin sirrin. Namu ne, mu biyu.

Ga inda sirrin ya kawo mu.

Zazzaɓin ya dawo bayan sati, a hankali, da yamma kawai. Ya daina bin 'yan tsaki. Tarin ya zama gajere, busasshe, kamar yana tsoron ya yi shi. Mama ta dafa citta da ganyen lemo, ta gasa masa ƙirji da tsumma. Da bai yi ba ta aika a kira wanzami daga kasuwa. Ni na riƙe ƙafafunsa. Tsaga tara a gefen dama, ƙanana, a jere, aka shafa toka da wani baƙin gari, wai mugun jini ya fita. Ga su nan ƙarƙashin yatsana, sun yi ɓawo. Wanzamin ma ya san gefen. Kowa ya san gefen, sai ni da nake ganin kwanciyar masoyi.

Ranar ba wanda ya ce a jira ubansa. Aska tara, ba takarda, ba sa hannu. Wannan tamu ce, mun san ta. Ta likita ce wuƙa.

Kada in yi wannan tunanin. Ubangiji, ka gafarta mini. Mama tana can tana azumi tun shekaranjiya, ko ruwa ba ta sha.

Gadon da ke kusa da taga, Nene ce, Bafulatana daga rugar wajen Zangon Kataf. 'Yarta Azumi tana da robar. Ina iya ganin ta daga nan — ta fito daga ƙarƙashin filasta, ta sauko gefen gado, ta shiga kwalbar da ke ƙasa. In yarinyar ta yi tari sai ruwan kwalbar ya yi ƙwal-ƙwal. Kwana shida ke nan. Ta rame kamar kara, amma ɗazu na ga ta miƙa hannu ta karɓi ƙoƙon nono da kanta. Nene ta lura ina kallo. Ta ce, "Yarinya, kai ma an ce a huda?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Mi ma na ƙi. Kwana biyu na ƙi. Baban ya tafi da shanu, wa za a tambaya, saniya?" Ta yi dariya ba sauti, ta gyara wa 'yar wuyan riga.

Sai na tambaye ta gadon tsakiya. Wanda aka naɗe katifarsa, ƙarfen a fili, an goge shi da maganin nan mai warin da ke shiga maƙogwaro. Ta kalli gadon. Ta ce yaron da ya kwanta a kansa ma an sa masa roba.

Ɗaya da ɗaya ke nan. Wannan na shan nono, wancan an naɗe katifa. Shida cikin bakwai na Yaya Zamani. Yaya ake wannan lissafin? Wa ya iya shi?

Ƙarfe biyu da minti ashirin.

Da likita ya tambaya ko an taɓa ba shi magani, Yaya Zamani ne ya amsa. Ya ce an yi masa allura a disfensare, duka, an gama. Ba ƙarya ya yi ba, haka aka gaya masa. Likita ya ɗaure fuska, ya ce wani abu da Turanci, Sista ta ce yana mamaki ne, in an gama allurar bai kamata ta kai haka ba, ko ciwon mai taurin kai ne, sai ya sake tunanin maganin da zai ba shi. Ina tsaye. Katin yana soka mini ciki. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini.

Sau biyu ke nan. Sau biyu ina da magana a hannu na haɗiye.

Rufus? Baba na, kalle ni. Buɗe ido. Ga Mama… Leɓensa. Da safe ba haka yake ba. Ya yi kalar bakin tukunya, toka-toka, har cikin farcensa. Gumi a goshi amma tafin ƙafa sanyi. Na sa masa nono a baki — na yaye shi tun bazara, babu komai a ciki, don dai ya ji ni — bai ko kama ba. Ba shi da lokacin tsotsa. Duk ƙarfinsa ya tafi wurin iska.

Saba'in. Saba'in da ɗaya. Ko na ƙirga ɗaya sau biyu?

In na jira ka, ka iso da dare ko gobe, ka shigo da ƙurar kwal a wuya, ka ce me? Na san ka. Za ka ce, Afiniki, me kika jira? In kuma na sa hannu, aka huda, aka naɗe katifa… za ka tsaya a bayan wanka, ba za ka ce komai ba, kuma wannan shirun zai zauna da mu har tsufa. A ƙauye za a ce ita ce. Ta ba da ɗan mutane aka yanka, uban yana hanya. Mama ba za ta zage ni ba, za ta dai daina ce mini 'yata. Wataƙila a haɗa mini kayana a kai ni gidan Baba. Gwangwanin madara da zannuwa uku.

To. A kai ni.

A'a, ban ce haka ba. Ban yanke ba. Ina tunani ne kawai…

Takalmin Sista. Na san takunta yanzu, ɗaya yana ƙara, ɗaya ba ya yi. Ta tsaya. Ta ɗaga leɓen Rufus da yatsa, ta kalli agogonta na ƙirji, ba ta kalli na bango ba. "Madam, surukinki bai dawo ba?" Na girgiza kai. "Likita yana wanke hannu. In ya shiga tiyata da wata mai haihuwa, sai dare. Yaron nan ba shi da dare, ina gaya miki gaskiya." Ta ciro ƙaramin gwangwanin tawada daga aljihu, ta buɗe, ta ajiye kusa da takardar. "Dangwalawa kawai. Ni zan rubuta sunan."

Kada in dawo in ga tawada a yatsanki.

Biron. In da biro ne, ba abin da zai gani a hannuna. Kuma — Yesu, ka ga abin da ya shigo mini — na iya naka. Na iya shi fiye da kai. S mai wuyan agwagwa, da jan layin nan a ƙarshe. In rubuta Silvanus, in ce ai ka taɓa bar mini izini, in ce… Wa zai gane? Takarda za ta ce uba ya yarda. In abin ya ɓaci, sunanka ne a wurin, ba nawa ba. In ɓuya a bayanka kamar yadda na ɓuya a bayan Mama, a bayan rafi, a bayan gayya.

Hannuna ya riga ya ɗauka. Ya fi gawayi santsi. Bakinsa yana kan layin, ya fara lanƙwasawa da kansa, ya san hanya…

Tsaya.

Ban taɓa rubuta nawa ba. Ka san haka? Shekara biyu ina rubutu. Wasiƙa goma sha ɗaya na aika maka, kowace a ƙarshe matarka nake sawa. Ban ma san ko da I ɗaya ne a tsakiya ko biyu ba.

A. Ta karkace kamar rumbun da ruwa ya ci. F. I. Rufus yana motsi a cinyata da kowane ja, biron yana bin numfashinsa. N. I. K — ta yi kama da mutum mai faɗuwa. I.

Shi ke nan? Ɗan wannan?

Sista tana kallon takardar, tana kallo na. "Ashe kin iya." Ina kwance ƙullin zane, yatsuna sun ƙi, na sa haƙori. Katin ya manne, na buɗe shi a hankali kada ya yage. Na miƙa mata. Muryata ce wannan? "Uku aka yi, Sista. Ba bakwai ba. Ki gaya wa likita. Na karanta, na sani, ban kai shi ba."

Ta duba gidajen. Ina jira ta yi mini tsawa, ina so ta yi, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta sa katin a aljihu tare da takardar, ta rufe gwangwanin tawada, ta sa hannu biyu ƙarƙashinsa. "Sake shi, Madam." Na sake. "Sake rigar." Ashe ban sake ba.

Kansa yana lilo a kafaɗarta. Ta ɗora shi kan hagu, ba ya so, ba ya son hagu, Sista, kan dama yake — ƙofar ta rufe. Mai gilashi fari, ba a ganin komai sai inuwa.

Cinyata ta yi sanyi inda yake. Zanen ya jiƙe da guminsa, siffarsa tana nan, ƙarama, a naɗe.

Nene ta turo mini ƙoƙon nono da ƙafa. Ba zan iya sha ba.

Goma sha biyu, goma sha uku… me nake ƙirgawa? Babu cikin da zan kalla. Jan hannun yana ta zagayensa shi kaɗai. Ruwa ya tsagaita, sai ɗiga daga bakin kwano, ɗaya, ɗaya. Ban ji kukansa ba. Ana huda yaro bai yi kuka ba? Ko ƙofar ce mai kauri? Ko sun ba shi abin barci? Ko…

Kuka. Can nesa, ta kudu. Dogo ɗaya, ya ja shi har ya karye a ƙarshe, yadda direbanku yake yi in ya hango fitilar tasha. Ko kunnena ne ke so? In rufe ido in faɗa, kamar ranar rake… Ba zan rufe ba. Ƙofar nake kallo.

Daga tasha zuwa nan, minti ashirin a ƙafa. Ku biyu, kai da Yaya Zamani, cikin laka.

Hannuna. Duba — biron ashe yana yoyo. Shuɗi a babban yatsa, shuɗi a na kusa da shi, har cikin farce. Na goga a zane, ya ƙara bazuwa. Na sa miyau… A'a. Bar shi.

Na ɗora hannun a kan gwiwa, a buɗe, inda mai shigowa zai fara gani.

Inuwa tana motsi a bayan gilashin. Ɗaya… biyu…